Gurya Takwas, Mata Tara

Assalamu alaikum. Da sunan Allah nika buɗe baki, shi yab ba ni shi, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Shugaban wanga taro, Malam Armaya'u, mai duba azuzuwan Yaƙi da Jahilci na ƙasarmu, Allah shi ƙara maka girma. Wakilin hakimi, Ɗanmaliki, ranka shi daɗe, in ka koma ka kai gaisuwar tsofaffi. Liman da malamai da dattawan gari da ka zaune bayan zana, ina gaishe ku ko ban gan ku ba, ina jin tarinku. Malama Mardiya, wadda tak koya ma matanga karatu, wadda ka zaune gefena tana bin bakina da alƙalami, sannu da aiki. Matan Tambuwal, baƙinmu na Sanyinna, waɗanda sunka taso tun daga Kebbe, da ku ɗiyana ashirin da fuɗu da anka miƙa ma takardar shaida yau, barkanku, barkanku, barkanmu baki ɗai.

Na gode ma Allah da yak kawo ni wagga rana. Na gode ma waɗanda sunka ce tsohuwa ta tashi ta yi magana, alhali ban san ko baƙi guda ba. Sunana Hinde. Sanyinna anka haife ni, Tambuwal anka kawo ni aure. Ban san shekaruna ba. An dai ce na fara ɗaukar tulu lokacin da Nasara sunka shigo ƙasar ga, ga shi kuwa da raina nig ga sun naɗe tutarsu, mulki ya komo hannun namu shekara ukku ke nan.

Ga abin da yat tsai da ni gabanku. Malam Armaya'u shina tara labaran tsofaffi, a buga ƙaramin littafi, don matan da sunka iya karatu su samu abin karantawa. Ya zo gidana, na ba shi labari goma sha ɗaya. Guda nih hana shi. Sau ukku shina komowa, shina cewa, "Inno Hinde, ko'ina nit tafi wancan aka faɗa min, in babu shi littafin ga bai cika ba." Nic ce mishi, "Malam, ranar taro za ni ba ka amsa gaban kowa." To, yau ta ranar.

Amma kafin in fara, ku saurara. Maganata akwai ruwa cikinta, akwai mutuwar yaro. Wadda zuciyarta ba ta ɗaukar haka yau, ta tashi awa mai zuwa shan ruwa, randa na can bayan rumfa, ba mai tambayarta komi. Bari in gyara zama in ba ku wuri.

To. Biyu sun tashi. Allah shi yi musu albarka, kada wadda tab bi su da ido.

Magana ta farko. Ku yaran yanzu kun ɗauka labari na yara na, a ba su su yi dariya su yi kwana. Akwai na manya. Zamaninmu in an kai amfani gida, in kaɗa, wato auduga, ta shigo, mata kan taru gidan Inno, yayar uwar mijina, tsakanin azahar da la'asar, wata na gurza, wata na shiɓa, wata na kaɗi. Sai a kori yara, a jawo asabari. Nan aka ba da labaran da ka sa tsikar jiki tashi rana tsaka. Labarin matar da tag gane mijinta shina tuɓe fatar mutum shi rataye bayan rumbu. Labarin maye da ka lasar kurwar ƙanwarshi kaɗan kaɗan, shina kuwa kuka don shina sonta. Labarin garin da matattu ka cin kasuwa, in ka sayi abu wurinsu ba ka komowa. Da waɗansu na tsakanin miji da mata, waɗanda ba ni faɗi Liman na bayan zana.

Kada kowa shi ce muku abin banza na. Mace kan kwana da tsoro cikin cikinta shekara da shekaru, ba ta iya faɗa ma uwa, ba ta iya faɗa ma miji. In taj ji shi bakin wata, da sunan wata, cikin garin da babu shi duniya, sai ki ga ta yi ajiyar zuciya, ta ɗauki mazarinta da ƙarfi. Na ga wadda tash shigo fuska ɗaure, anka ba da labarin da yaf fi kowane muni, taf fita tana dariya tana neman a ba ta fura. Ni ina son waɗanga labarai. Har gobe ina sonsu, ba ni jin kunyar faɗi.

Magana ta biyu. Inno ta san abin da ka warkar da wata shi ka yanka wata. Don haka tana da ƙoƙo, ƙarami, baƙi don tsufa. Ban san ko wasu gidaje na yi ba, gidanmu dai haka tat tsara. In za a ba da labari mai nauyi, mai labari ta fara faɗin abin da ka ciki: akwai jini, ko akwai mutuwa, ko akwai maita. Sannan kowace ta ɗauki gurya guda, ƙwayar da aka fiddawa cikin kaɗa, ta dunƙule hannu. A rufe ƙoƙo da ƙyalle a zagaya da shi. Kowa ta sa hannu ƙarƙashin ƙyalle. Mai so ta saki guryarta, wadda ba ta so ta fiddo hannunta dunƙule yadda tas sa shi. Ba mai sanin wa tas saki, wa tar riƙe. Mai labari ta juya baya ta ƙirga. In gurya ta kai yawan mata, bismilla. In ta kasa ko da guda, a bar shi, a ba da na dariya.

Doka biyu Inno tas sa. Ba a duban fuskoki bayan ƙirga. Ba a cewa don mi. Wata rana Atu, wata mai baki da ka zama kusa ga ƙofa, tac ce, "Haba Inno, mu goma a hana mu daɗi don matsoraciya guda? Ta tashi mana ta ba mu wuri!"

Inno tac ce, "In ta tashi kin san ta ke nan, gobe ki kai ta rijiya ki baza."

Atu tac ce, "Ni? Bakina alekum."

Inno tac ce, "Bakinki ko kwana kika yi shina aiki. Ja zarenki."

Munka yi ta dariya. Kai, ina ma a komo da rana guda cikin waɗancan! Ƙarar magurji, warin hayaƙin kara, kaɗa fari fat bisa tabarma, alli ga yatsu. Yanzu atamfa ta cika kanti, mazari ya koma cikin kwando, gidan Inno kuwa awaki ka kwana ciki.

Magana ta ukku ita ta mai nauyi, don laifina ta.

Ina da ƙawa. Za ni kira ta Saudatu, ba shi na sunanta ba, ban nemi izininta in kira sunanta cikin taro ba. Daga wajen Fakku, can ƙasar Kebbe, anka kawo ta aure, katanga guda tar raba gidanmu. In na ɗora tukunya na rasa gishiri, ba ni ko magana, in buga katanga sau biyu sai in ga hannu ya miƙo. Haifuwata ta fari ita tar riƙe min baya, nic cije ta ga hannu, har ta bar garin ga tabon na nan, tana nuna ma mutane tana cewa kura tag gamu da ita. In ta tafi ganin gida ta komo, busasshen kifi na farko nawa na, kafin ma uwar mijinta. Ban yi ƙanwa mace ba, ita Allah yab ba ni.

Tana da ɗa namiji, ɗan fari. Kun san al'adarmu. Ɗan fari uwa ba ta kiran sunanshi, ba ta wasa da shi gaban mutane, in an yaye shi kakanni ka ɗauka. Nata ma haka, anka kai shi wurin uwarta can Fakku. Shina da shekara shidda, wata damana gulbi ya cika, yab bi yara wanka, bai fito ba. Tat tafi zaman makoki, tak komo. Ba ta yi kuka gabanmu ba, ɗan fari na, kunya ba ta bari. Munka yi mata gaisuwa, tac ce, "Sai haƙuri." Kwana bakwai tad dawo wurin kaɗi. Damana ta wuce, wata damana ta wuce. Ba ta taɓa ta da maganar ba, mu ma munka bar ta.

To, ni lokacin bakina ya fara suna. Inno ta koya min labarai, ina ƙara musu nawa, in sauya murya, in yi shiru inda ya kamata har a ji numfashin mutane. Ana cewa Hinde ta kusa fin Inno. Kaina kuwa ya ɗauka.

Ran nan anka yi baƙi, mata biyu daga Kebbe sun zo biki, sunka ce sun ji labarina, ba su komawa sai sun ji da kunnensu. Inno na kwance ɗaka da zazzaɓi. Tak kira ni tam miƙo min ƙoƙon, tac ce, "Yau ke ar riƙe da shi." Rana ta farko ke nan da yash shiga hannuna.

Atu tac ce, "Ke Hinde, kada ki ba mu kunya gaban mutanen Kebbe. Ki ba mu wanda ka hana tuwo wucewa."

Guda cikin baƙin tac ce, "Mu kusa ga gulbi muka kwana, ba abin da ka ba mu tsoro. In ji dai ba na yara ba na."

Nic ce, "Za ku gani. Akwai ruwa ciki, akwai yaro." Na faɗi, ban ɓoye ba. Anka ɗauki gurya, ƙoƙo yaz zagaya. Mata tara ka zaune, ban da ni. Nij juya baya nib buɗe ƙyalle.

Takwas.

Nis sake ƙirgawa da ɗan yatsa. Takwas. Sai niy yi abin da Inno tah hana, niw waiga nid dubi fuskoki. Kowa na kallona da murna, sai Saudatu, ta sadda kai tana gyaran zare. Jama'a, na sani. Ba ni yi muku ƙarya gaban Allah in ce ban sani ba. Amma sai nic ce ma raina, shekara biyu ta wuce, ko sau guda ba ta yi hawaye ba, ta warke. Nic ce ma raina, wataƙila guryar faɗuwa tay yi. Ga baƙi sun zuba min ido. Ga gurya warwatse ko'ina bisa tabarma, guda na nan dab da babban yatsana. Nis sa hannu awa mai sosa ƙafa, niɗ ɗauke ta, nij jefa.

Nij juyo nic ce, "Tara ta cika."

Ba ni ba ku labarin, amma sai na faɗa muku ƙashinshi, in ba haka ba ba ku gane girman abin da niy yi. Wata matar ruwa ta, ba ta haifuwa, tana da gida ƙarƙashin gulbi. Sai ta zama ƙwarya mai zane tana yawo bisa ruwa, yaro ya miƙa hannu, ta jawo shi. Ba ta kashe shi, tana ba shi abinci, tana goya shi. Uwar yaro in ta zo wanki tana jin muryarshi ƙarƙashin ruwa shina kiranta. Rannan matar ruwa taf fito tac ce mata, "In kina son ɗanki, ki tsaya nan ki kira sunanshi da ƙarfi sau ukku." Ga surukanta tsaye bakin gulbi, ga mutanen gari. Yaron kuwa ɗan fari na. Ta buɗe baki, ta rufe. Ta buɗe, ta rufe. Har rana taf faɗi, ruwa yah haɗe.

Wanga labari nib ba da gaban Saudatu. Kuma ban taɓa ba da shi da kyau awa ranar ba. Niy yi muryar yaron. Allah shi gafarta min, niy yi muryar yaron, siririya, daga nesa. Baƙin Kebbe sunka bar kaɗi sunka riƙe baki. Atu na cewa, "Wayyo, ki kira shi mana, 'yar banza, ki kira shi!" Saudatu ba ta tashi ba. In ta tashi kowa ya gane. Tana nan tana kaɗi, zare na tsinkewa tana ƙullawa, shina tsinkewa tana ƙullawa, da hannu guda da rabi, don na hagun dunƙule shike. Na gani, nic ci gaba har ƙarshe.

Anka yi ta yabona. Baƙi sunka ce lalle Tambuwal akwai baki. La'asar tay yi, kowa taw watse.

Wanshekare Saudatu ba ta zo ba. Jibi ba ta zo ba. Nib buga katanga sau biyu, shiru. Rana ta ukku niz zaga gidan. Tay yi min maraba, tash shimfiɗa min tabarma, tak kawo ruwa, tat tambayi yara ɗaya ɗaya awa baƙuwa. Sannan tak kwance bakin zanenta, tab buɗe min tafin hannu. Gurya guda.

Tac ce, "Hinde, ga tawa. Ban sake ta ba. Wa yas sa min?"

Da na faɗi ƙasa na kama ƙafarta, da wataƙila yau tana zaune nan gefena tana gyara min magana. Kun san abin da nic ce? Nic ce, "Haba Saudatu, ai labari na, ba gaskiya ba na."

Tad dube ni. Tac ce, "Haka na." Tam mai da guryar bakin zane taƙ ƙulle. Tar raka ni har ƙofa.

Da Inno tas samu sauƙi tat tambaya ina Saudatu, nif faɗa mata komi, ina jiran ta zage ni. Ba ta ɗaga murya ba. Tac ce, "Hinde, yarinyar ga an hana ta kiran ɗanta, an hana ta kukanshi. Abu guda yar rage mata wurin ga, ta riƙe hannunta ta ce ba ta so. Shi kinka ƙwace." Tak karɓe ƙoƙonta. Shekara ukku ban sake buɗe baki wurin kaɗi ba.

Saudatu ba ta yi gaba da ni ba, da ma ta yi. Tana gaishe ni, ina gaishe ta. Kullum ina cewa gobe in tafi in roƙe ta, gobe in tafi. Kafin damana mijinta yas samu gona can wajen danginta, sunka ɗaure kaya. Ranar tafiyarsu ina tsaye ƙofar gida da tulu, tana bisa jaki, tac ce, "Sai wata rana, Hinde." Nic ce, "Allah shi kiyaye hanya." Iyakar abin da nic ce ke nan.

Shekara ta fi talatin. Ranar kasuwa in na ji harshen mutanen Kebbe sai in matsa kusa awa mai tayin kifi, in tambaya a kaikaice. Haka nij ji ta haifi mata ukku. Haka nij ji mijinta ya rasu. Sau biyu ina ɗaure ƙunshi in kwance. Na ukku har Kebbe nik kai, shekarar da mota taf fara bin hanyar, niz zauna gindin wata tsamiya, anka nuna min hanyar Fakku, nid dube ta har inuwa taj juya, nik komo gida. Tsoro nika ji ta yi min maraba, ta kawo min ruwa, ta tambayi yara. Bana anka ce min tana nan da rai, ido ya yi rauni, amma tana fita hantsi.

Magana ta fuɗu, roƙo na, kuma nan amsarka take, Malam Armaya'u.

Ni ban ƙi littafi ba. Na yi murna da shi, don ƙoƙon Inno ya fashe tuni, mu ma mun kusa, in ba a rubuta ba labaran ga ƙasa za su bi mu. Ban ce a cire masu ban tsoro ba, ban ce a wanke su su koma na yara ba. A bar maye shi zama maye, a bar jini inda jini yake. Manya za su karanta. Amma abin da ka damuna, takarda ba ta san wa ka zaune gabanta ba. Ba ta san wadda tab binne ɗa bara ba, ba ta san wadda ka kwana da tsoron mijinta ba. Wanda yab buɗe ta, zuba mishi taka yi.

Don haka, Malam, ina roƙonka, kowane labari mai nauyi a rubuta samanshi abin da ka ciki, da manyan baƙaƙe, yadda mai sabon karatu ka iya gani kafin ta shiga. In ta ga dama ta shiga, in ta ga dama ta juya takarda.

Ku kuma ɗiyana ashirin da fuɗu, da ku nika. Yau kowace ta koma gida ita ta mai ido cikin makafi. Za a taru kanku, uwaye da ƙanne da maƙwabta, a ce karanta muna. Daɗin da nij ji ranar baƙin Kebbe za ku ji shi, na san shi, shina da ƙarfi. Ku tambaya kafin ku fara. Kuma kada ku tambaya gatsau cikin mutane, ku ce akwai wadda ba ta so? Wa za ta ɗaga hannu gaban uwar mijinta? Ku nemo hanyar da mace ka iya ƙi ba a gane ta ba, ko gurya ta, ko tsakuwa, ko ƙwayar wake. In ta kasa, ku haƙura, ko da mutum ashirin na roƙonku. Kuma wadda ba ta yi kuka ba, kada ku ce ta warke. Mu nan an koya muna haɗiye abu tun muna ƙanana, kun sani, na sani.

Labarin matar ruwa kuwa, Malam, ba ni da ikon ba ka shi yau. Na riga na ba da shi sau guda bisa ƙarya. In anka buga shi, wata rana jikar Saudatu ta iya karatu, ta ɗauko littafi da murna ta ce, Kaka zauna in karanta miki, ta sake jin shi ba ta shirya ba, kuma da sunana samanshi. Ba ni yi mata sau biyu.

An ce min Malama Mardiya za ta Kebbe bayan salla ta buɗe ajin mata. Malama, ɗiyata, in an tashi taro za ni raɗa miki sunanta na gaskiya da gidan da take. Ki ɗauki takardar ga da kika rubutawa ki kai mata. Amma kada ki buɗe kina isa. Ki gaishe ta, ki sha ruwa, ki bari ku zama ku biyu. Ki ce mata saƙo na daga Hinde ta Tambuwal, akwai maganar ranar kaɗi ciki, tana son ji? In tac ce a'a, ko tay yi shiru, ki naɗe takarda ki komo da ita, kada ki ce don mi, kada ki lallashe ta. Shi ke nan, labarin ya bi ni kabari, Malam Armaya'u shi yi haƙuri da goma sha ɗaya. In tac ce karanta, ki karanta mata dut, har inda ban yi kyau ba. In kin ƙare ki tambaye ta ko ta yarda a buga. Abin da tac ce shi za a yi.

Yanzu rubuta wanga da kyau, sannu sannu, nata na.

Ƙawata. Ni nis sa guryar. Na ƙirga sau biyu, takwas ta, kuma na san taki ta babu. Da kinka nuna min, na ba ki amsar banza. Na yi miki laifi, na yi ma yaronki, Allah shi jiƙanshi. In kina iya yafe min, ki yafe. In ba ki iyawa, ban ga laifinki ba. Ina dai son ki sani kaina ya yi fari dut, haƙora shidda sunka rage min, kuma tun da kinka bar garin ga ba wadda tay yi min kitso ban ji zafi ba. In kin ce in zo, ko bisa jaki a ɗaure ni, ina zuwa.

Kin rubuta? To, madalla. Ku yi min haƙuri, jama'a, bari in share ido.

Allah shi sa albarka ga karatun ɗiyan ga, shi sa su karanta abin da ka amfaninsu duniya da lahira. Allah shi saka ma Malam Armaya'u da Malama Mardiya da alheri, shi kai ta Kebbe lafiya shi komo da ita lafiya. Allah shi ja zamanin hakimi, shi zaunar da Jihar Arewa lafiya, shi ba mu damana mai albarka. Allah shi jiƙan Inno da Atu da dut waɗanda munka yi kaɗi tare sunka riga mu. Uwayen da ka zaune nan da ciwon da ba su iya faɗi, Allah ya san sunan kowane yaro, shi sanyaya muku. Baƙinmu Allah shi mai da kowa gida lafiya. Ni kuma ku sa ni addu'a, Allah shi ara min kwana har Malama ta komo.

Wassalamu alaikum. Na gode.